Mitar Batir ta Taubashina Nata'ala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga watan Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Nata'ala Ɗalha Madabo, mai ɗinkin manyan riguna, wanda mutanen cikin birni suka fi sani da Mai Ɓauna saboda babban babur ɗinsa. Ya rasu a gidansa bayan gajeriyar jinya, ya ɗan haura shekara saba'in, aka yi masa sutura bayan azahar. Ina shagona na gyaran wayar babura a Ƙofar Ɗan Agundi babban ɗansa Mubarak ya bugo mini waya. Na ajiye abin da ke hannuna na zauna a ƙasa.

Bari in juyo gare ka, Nata'ala, don ban saba yin maganarka a bayan idonka ba. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinka ce, ka ga ke nan ni taubashinka ne, tun ina yawo ba wando aka halatta mini tsokanarka. Ka girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan taubashi bai san babba ba. Masu ilimi sun yi maka yabo mai nauyi, kuma sun faɗi gaskiya. Ni in na ɗauko irin nasu, na san za ka dube ni ka ce wani abu nake nema. Don haka zan yi maka da abin da na iya, in hawaye ya zo ya zo, in dariya ta zo ba zan kore ta ba.

Sana'arka allura da zare ce. Rigar da ka yi wa aiki ana gane ta tun daga nesa, kuma kai kanka ba a taɓa ganin ka a waje ba babbar riga ba, ko da bakin lungu za ka leƙa. A kan wannan hali ne ka je ka sayo wani ƙaton babur ɗan Kwatano, baƙi wuluk, irin na masu doguwar tafiya, mai gilashi a gaba da akwatuna biyu a gefe. Yaran unguwa suka sa masa suna Ɓauna, sunan ya bi shi ya bi ka. Lungunku ba ya ɗaukar faɗinta sai an cire akwatunan, don haka duk dawowarka sai an yi hidima: a sauke akwati a bakin hanya, a lallaɓa da ita har cikin soro, kana tafe kana ba bango haƙuri. Da hular kwano a ka, riga an naɗe a kafaɗa, ka je Sakkwato, ka je Yola, ka je Jos. Na sha gaya maka kai kaɗai ne mutumin da ke tuƙa babur kamar zai je ɗaurin aure.

Akwatunan nan biyu kuwa ba naka ba ne, na jama'a ne. Da an ji za ka yi tafiya sai soronka ya cika da ƙulli: maganin wata tsohuwa da za a kai wa 'yarta, takalmin wani ɗalibi, turmin atamfa na wata amarya. Ba ka taɓa cewa hanyata ba ta bi ta nan ba, sai dai ka karkata. Ba ka kuma iya wuce mai babur da ya lalace a hanya. Ka tsaya, ka tattare riga, ka ce masa ya danna hon ya kuma taɓa sitata, ka karkata kai kana saurare. Daga muryar hon kaɗai kake gane batir ya ƙoshi ko yana jin yunwa, kuma da wuya ka yi kuskure. Wanda abinsa ya fi ƙarfin bakin titi sai ka jawo mini shi shago ka ce, "Ga baƙonka, aikin Allah ne," ka hau Ɓauna ka bar ni da ladan da ban nema ba. Duk lokacin da na ce ka bari in sa maka mitar da ke nuna ƙarfin batir, sai ka ja kunnenka ka ce ga mitar da Allah Ya ɗaura maka.

Cikin tafiye-tafiyenka akwai wadda ba ka fasawa. Kowace kaka, in an gama girbi, sai ka je Guri, can bayan Haɗeja, wurin yayarka Yaya Tani, wadda aure ya kai can tun kana yaro. Ku biyu kuka rage a ɗakinku. Ta haura tamanin, gwiwoyi sun hana ta fita ko ƙofar gida, don haka in ba kai ka je ba, ba ganin juna. Kakan ce zumunta a ƙafa take, taka ƙafar dai taya ce.

Sai kunnen nan ya fara ja da baya. Kowa ya lura, ba wanda ya furta. Ana yi maka magana kana murmushi kana cewa "Haka ne" a inda ba haka ba ne, rediyonka kuma har maƙota na bayan gida suna jin labarai kyauta. A daminar da ta wuce kana dawowa daga Ringim na'urar cajin Ɓauna ta mutu, batir ya yi ta zuba a hankali. Da can da tun a hon na farko ka gane. Wannan karon ba ka ji komai ba, ka tsaya sallar la'asar a gindin wata bishiya nesa da gari, da ka idar ka danna sitata ta yi shiru. Irin wannan babur ba shi da kik ɗin da ake tayar da shi da ƙafa, kuma ba a tura shi da ƙarfin dattijo ɗaya. Ruwa ya sauko ya yi maka dukan tsiya, har Allah Ya kawo wani manomi da amalanken shanu. Haka aka shigo da kai ƙauye, shanu suna jan Ɓauna, mai ita yana zaune a gefe riga ta manne a jiki. Na yi dariyar wannan labari har cikina ya ƙulle, amma zazzaɓin da ya biyo baya ya kusa tafiya da kai, kuma wannan bai ba kowa dariya ba.

Kana kwance Mubarak ya zare mukullin Ɓauna ya miƙa wa mahaifiyarsa, Hajiya Ladi, ita kuma ta ƙulle shi a haɓar zaninta. Da ka warke ba ka yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan muni. Ka koma soro ka zauna kusa da babur, kana ɗinki kana shiru, abinci sai a mayar da rabi. Kaka ta ƙarato. Mubarak ya ce zai kai ka Guri a motarsa, cikin sanyi da kwanciyar hankali, ka ce ka gode, ba za ka je a mota ba, kuma ba ka faɗi dalili ba. Yaya Tani ta aiko cewa a gaya wa ƙaninta ya zo ya gan ta tun tana gane mutane. Abu ya tsaya cak: su ba za su ba da mukulli ba, kai ba za ka shiga mota ba, tsohuwa tana can tana duban hanya.

Hajiya Ladi ce ta aiko a kira ni. Ta ce ita matarka ba za ta iya gaya maka gaskiya ba, 'ya'yanka ba za su iya ba, abokanka sun ce ba bakinsu, saura ni da ba ni da kunya. Na shiga soro na tsaya a gabanka, na ɗaga murya yadda har mai wucewa zai ji, na ce, "Nata'ala, ka kurumce."

Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Duk faɗin Kano an rasa mai gaya mini sai kai, mai hannu kamar gindin tukunya?" Na ce ai su masu hannu mai tsabta tsoron ka suke ji. Ka yi 'yar dariya, sannan ka soke allura a jikin rigar da kake ɗinki, ka ɗora tafinka a kan tankin babur. "Na sani, Umaru," ka ce. "Tun bara rabon da in ji muryarta. Ina jin tana rawa a ƙarƙashina, amma ban san me take cewa ba." A duk zamanmu ban taɓa jin tausayinka kamar ranar ba, kuma na ɓoye shi da kyau don kada ka rama. Na ce tunda mitar Allah ta yi ritaya, ka bari a sa ta kanti, idonka ya karɓi aikin kunne.

Washegari muka shiga A Daidaita Sahu zuwa wurin masu kayan babura a Fagge, kana ta mita wai an sa ka a keji. Na riƙo ƙaramin batir a jaka don gwaji. Mai shago ya baje mana iri-iri, ni ina duba bayan kwali, kai kuwa ka yi abin da ban taɓa ganin wani mai sayen kayan wuta ya yi ba. Ka ce ba a zaɓen zare a cikin rumfa, ka kwashe su ka fito tsakiyar rana. Ta farko mai jajayen lambobi ce, a cikin shago tana haske kamar garwashi, da rana ta dake ta sai lambobin suka ɓace. Ta biyu mai shuɗiyar wuta ce da ramin cajin waya, ta burge ka ƙwarai, har ka fara lissafa waɗanda za ka taimaka wa da caji a hanya. Na nuna maka murfin ramin, ɗan roba ne da iska ma za ta ɗaga, balle ruwan Agusta. Ga shi lambobinta ba sa zama wuri ɗaya, suna ta tsalle, mutum ya tsaya karanta su sai ya karanta bayan tirela.

Wadda ka ɗauka daga ƙarshe ba ta da kwalliya ko kaɗan. Zagayayya ce kamar bakin kofin shayi, farar fuska, allura ɗaya baƙa, da launi uku a jere: ja a hagu, kore a tsakiya, wani jan a dama. Ka girgiza ta kusa da idonka don ka ga ko allurar mai rawar kai ce, ta tsaya da nutsuwa. Mai shago ya rantse ruwa ba ya shigarta. Sai ka miƙa hannu ka ɗauki butar alwalarsa ka tuttule mata ruwa a gabansa, yana salati. Muka jona ta da batir, allura ta tashi lafiya lau. Ka ce kai dama mutumin allura ne, da ita kuka saba.

Aikin ɗaurawa a soronka muka yi shi, kuma ban taɓa aiki da mai sa ido irinka ba. Ka so in jona ta kai tsaye a kan batir don ta riƙa nunawa dare da rana. Na ce in aka yi haka ita da kanta za ta riƙa tsotsar batirin tana ba ka labarin mutuwarsa, dole a ɗauko wutar daga wayar da ba ta kawowa sai an murɗa mukulli. Na guje wa wayar fitilar gaba, don wuta kan rage ƙarfi kafin ta kai can, sai mita ta yi maka ƙarya ba da niyya ba. Na nemi wuri kusa da batir na ɗauko jar waya, na sa mata ɗan ƙaramin fis don in wani abu ya goge ta fis ya ƙone a madadin babur, baƙar waya kuma na kai ta kan batir ɗin kansa. Na bi da su nesa da zafin inji, muka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe don mu ga ba inda ya ja su. Da ka ga na naɗe su da baƙin salatif sai ka ce wannan ƙazanta ba za ta hau Ɓauna ba. Ka yanko fata mai laushi ka ɗinka wa wayoyin riga, da ƙananan ɗinki masu kyan da ba wanda zai taɓa gani sai makanike. Duk lokacin da muke son gwaji sai an aika cikin gida, Hajiya ta fito ta kwance haɓar zani, ta murɗa mukulli da hannunta, ta jira, ta zare abinta ta koma.

Kai ka zaɓi wurin da za ta zauna, a kan tanki kusa da wuya, ni kuma na yarda. Ka hau daga kai sai 'yar shara ta zaman gida, ka sunkuyar da ido ka ce ko zinariya ba za ta fi nan dacewa ba. Ranar Juma'a Hajiya ta ba da aron mukulli don gwaji, daga Madabo zuwa shagona kawai. Sai ga ka ka iso cikin shadda mai sitaci, gaban riga ya taru a kan tanki tuli guda. Na ce, "Yaya mita?" Ka duba ƙasa, ka duba ni, sannan ka fara ɗaga riga kana lalube kamar mai neman ɗan tsako a ƙarƙashin kaza. Mutumin da ya shekara hamsin yana auna jama'a ya manta bai auna kansa da rigarsa ba. Ka ce laifina ne, ni ne mai sana'a. Na ce ni waya na sani, yadi naka ne. Da na kawo shawarar ka riƙa hawa ba babbar riga, kallon da ka yi mini ya isa ya ƙona fis.

Muka sake lale. Wannan karon na ce ka sako rigar da ta fi kowace girma a akwatinka, ka sa hular kwano, mu fito da babur fili da safe. Muka juya shi gabas, tunda mai zuwa Haɗeja rana yake fuskanta. Na ɗaure mitar a hannun babur, bayan gilashi inda ruwa ba ya duka sosai, na sa mata yankin tsohon tub na taya a ƙasa don ya shanye girgiza, na yi ta karkata fuskarta kaɗan-kaɗan har ka ce ƙyalli ya bar idonka. Sannan na yi maka karatu. In an murɗa mukulli inji bai tashi ba, allura ta ɗan wuce sha biyu, batir lafiya. In inji yana aiki, ta hau cikin kore wajen sha huɗu ta zauna. In kana tafiya ka ga tana gangarowa hagu, caji ya tsaya, kada ka kashe inji sai a cikin gari. In ta haura sha biyar ta shiga jan dama, batir dahuwa yake yi, ka tsaya. Ka kunna babbar fitila ka ga allura ta ɗan rusuna ta koma, ka kashe ka sake kunnawa, ka yi ta yi kamar yaro da sabon abin wasa. Ka ce lallai gani ya kori ji.

Da yamma muka kira Mubarak don ya gani ya saki mukulli. Mun shirya kamar masu zuwa gaban alƙali. Ya zagaya babur, ya yaba aikin, ya shafa rigar fatar da ka ɗinka, sannan ya juyo gare ni cikin ladabi ya ce, "Baffa, aiki ya yi kyau. Amma mitar nan tana jin hon ɗin tirela in ta taho ta bayansa?"

An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ranar yaro ne ya hango, mu manya biyu muna ƙasa. Mun ba batir ido, mun manta hanya ma da kunne ake bin ta. Ka karanci bakinsa, ka gane tambayar, kuma da yake kai mai gaskiya ne ba ka yi musu ba. Ka cire hular kwano ka rataye ta a madubi, ka zauna a kan tabarma ka jawo ɗinkinka. Na fara tattara kayan aikina, ina tunanin abin da za a gaya wa Yaya Tani.

Ashe Hajiya Ladi tana tsaye a bayan ƙofar tsakar gida. Ta leƙo ta ce, "Ni ina ji." Muka dube ta. Ta ce, "Kunnena ƙalau yake. In shi ba ya jin hon, ni zan ji masa. A baya zan zauna." Wannan baiwar Allah tun da Ɓauna ta shigo gidan ba ta taɓa ɗora ƙafa a kanta ba, takan ce ita ba ta hawa abin da ya fi gadonta tsawo. Mubarak ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu ya rufe. Ta zayyana sharuɗɗanta a tsaye: in ta taɓa kafaɗar dama, a sauka gefe mota na zuwa, in ta dafa duka biyu, a tsaya. Kuma dole a matsar da mitar inda ita ma za ta riƙa gani, don ta san halin mijinta, in allura ta shiga ja zai yi shiru ya ce ai saura kaɗan a kai. Na maimaita maka maganarta da ƙarfi a kunne. Ka ce, "Umaru, ka ga abin da ka jawo mini, na nemi mita ɗaya an ba ni biyu." Sai ka ajiye ɗinkin, ka miƙe ka ciro hular kwano daga madubi.

Haka na kwance ta don in sake ɗaurawa karo na uku. Kuka hau ku biyu a bakin lungu, kai cikin babbar riga, ita da hular kwano a kan hijabi, wadda Mubarak ya sayo da kansa. Ina ɗaga mita ina karkata ta hagu, Hajiya tana leƙe ta kan kafaɗarka tana cewa a ƙara, a rage, matan unguwa suna leƙe ta ƙofofi suna dariya suna sa albarka. Na ɗaura raga a gefen tayar baya don kada hijabi ya shiga. Mubarak ya ƙara nasa sharaɗin, ba tafiya bayan magariba, kuma duk inda aka tsaya a bugo waya.

Kuka tashi da safe, akwatuna cike da alkaki da turare da saƙon jama'a. Duk tsayawa Hajiya ta bugo, kuma bayaninta bai wuce kalma biyu ba: "Tana kore." Kafin azahar maganar ta zagaye Madabo, har in aka tambayi mutum lafiyarsa sai ya ce tana kore. Bayan kun wuce Gujungu ne allura ta fara rawa tana faɗawa hagu. Hajiya ta ce ta gan ka ka gani, ka kuma ɗauke kai kamar ba ka gani ba, sai ta dafa kafaɗunka biyu da ƙarfin da ka ce har ka dawo kana jin wurin. A garin gaba wani makanike ya buɗe ya tarar kan batir ne ya kwance saboda girgizar hanya, ya ɗaure, allura ta koma mazauninta. Da la'asar wayata ta yi ƙara, na ɗauka, sai muryar Yaya Tani, wadda ita ma taubashiyata ce. Ta ce ta sa an ɗauko ta an ajiye a ƙofar gida tun da hantsi. Ta ce, "Kai mai baƙin hannu, ashe kana da amfani. Ga shi nan a gabana yana cin tuwo, har da matarsa ya kawo mini." Sai ta fashe da kuka, ta kashe wayar ba sallama.

Kun yi kwanaki a can kuka dawo da bandar kifi cike da akwatuna, warin da har yau bai bar su ba. Mata suka yi wa Hajiya guɗa kamar sabuwar amarya, ta sauko tana ɗingishi tana cewa ita da babur sai a lahira in akwai. Kai kuwa da aka shigar da Ɓauna soro, ka kashe ta, ka zare mukulli, ka kira ɗanka ka sa masa a tafin hannu. Ka ce, "Na je na dawo. Riƙe, ni na ba ka." Ba ka ƙara hawa ba, kuma ba ka ƙara zaman shiru ba. Watannin da suka rage maka ka yi su kana ɗinki kana ba duk wanda ya zauna labarin Guri da murya har bakin titi.

Ranar sadakar uku Mubarak ya shiga da ni cikin gida in yi wa Hajiya gaisuwa. Tana zaune cikin mata, carbi a hannu. Bayan mun yi addu'a ta ce mu dakata, akwai abin da take so mu ji mu biyu. Ta ce tunda dole ta riƙa kwantar da kai kusa da kafaɗarka don ganin mita, sai ta ji abin da ba ta taɓa sani ba. Da kun fita daga gari hanya ta miƙe, sai ka fara addu'a, kuma da yake ba ka jin kanka, ba ka san da ƙarfi kake yi ba. Mutum-mutum kake bi da suna: iyayenka, Yaya Tani, ita kanta, 'ya'ya da jikoki, maƙota, har waɗanda suka ba da saƙo. Kowa da irin buƙatarsa da ka sani. Ta ce ni ma na shiga, ka ce, "Allah Ka shirya Umaru, Ka rufa masa asiri, ko da yake ba ya jin magana." Muka yi dariya, har matan da ke wurin.

Sai ta nuna Mubarak da carbi, don ita ma ba ta kiran sunan ɗan fari. Ta ce, "Wannan kuwa, da bai taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, tun daga Ringim yake kiran sa, suna ɓaro-ɓaro, har muka ga ruwan Haɗeja. Yana cewa Allah Ka yi masa albarka, ya hana ni don yana so na, Ka ba shi ɗan da zai hana shi." Ta ce a nan ta gane abin da ya sa ba ka shiga mota. A mota akwai mutane, kai kuma mai kunya ne, hanya ce kaɗai wurin da kake sakin bakinka ka roƙa mana. Ba ta taɓa gaya maka ta ji ba, don kada ka daina. Mubarak ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa ya rufe fuska da hularsa, ni kuma na fita soro na tsaya kusa da Ɓauna.

Nata'ala, shekaru kana kiran sunayenmu a gaban Ubangiji ba mu sani ba. Yau mu ne muke kiran naka, kuma da ƙarfi. Ya Allah, ga bawanka Nata'ala ɗan Ɗalha ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa zumuncin da ya sada, da saƙon da ya kai, da duk wanda ya tsaya wa a bakin hanya su zama masu cetonsa. Ka karɓi addu'o'in da ya yi mana, Ka mayar masa da ninkinsu, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ladi, Allah Ya ba ta haƙuri Ya saka mata da alherin abin da ta yi. Ga Mubarak da ƙannensa da 'ya'yansu, Allah Ya albarkaci bayan mahaifinku, Ya haɗa kanku. Ga Yaya Tani a Guri, wadda ta ga ƙaninta da idonta kafin a rabu, Allah Ya sanyaya mata zuciya. Ga jama'ar Madabo, da abokan sana'arsa, da duk mai babur da ya taɓa ganin wani dattijo cikin babbar riga ya tsaya masa a hanya, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Taubashinka,
Umar mai gyaran waya, Ƙofar Ɗan Agundi, Kano.